Gawar Baba Haruna a Bayan Waya

Har gobe ban manta da ranar da Baba Haruna ya yanke jiki ya faɗi da tsintsiya a hannu ba. Lokacin ina shugaban masu shara a sansanin sojojin wata babbar ƙasa da ke bayan garin Jidda. Ku da kuka shigo aikin nan jiya-jiya ba ku san wurin ba, bari in fayyace muku. Kamfaninmu ke da kwangilar kwasar bola da wanke banɗakuna. Kullum da safe mota za ta kwaso mu daga unguwar Nuzla, a ƙofa a karɓi iƙama, takardarka ta zama, a rataya maka kati, kare ya shinshina ka har cikin ƙunshin abincinka. Da ka ƙetare wayar nan da ta kewaye sansanin, dokar ƙasa ta tsaya a waje.

Baba Haruna a unguwar Ammariyya ta nan Jidda aka haife shi, kakansa da ƙafa ya zo hajji. Da hantsi ya faɗi, kafin a kawo ruwa rai ya yi halinsa. Na rufe masa ido, na kira ɗansa Usama. Lissafina a yi masa wanka, a sallace shi da la'asar.

Sai ga saje mai kula da ɓangarenmu, shi da tafinta. Wai duk wanda ya mutu cikin waya nasu ne, sai likitansu ya buɗe shi ya ga abin da ya kashe shi. Likitan kuwa yana wani sansanin nasu a wata ƙasa.

Na ce, "Ya buɗe shi kamar yaya? Rago ne?"

Tafinta ya haɗiye wannan bai fassara ba. Ina kallo suka zuge dattijo cikin jaka, suka kai ɗakin sanyi.

Usama ya iso da likkafani a leda, aka tsayar da shi a rana. Ya riƙe ni ta cikin waya yana kuka, yana kirana Ammu, wato baffa. "Ammu Sale, wallahi ko fuskarsa su bar ni in gani. Bas, fuskar kawai."

Na hau wurin kyaftin. Ya ba ni kujera da ruwan sanyi, ya yi ta'aziyya da ladabi, sannan ya ce umarni daga sama yake. Ladabin nan ya fi zagi ƙona mini rai. Na kira kafili, Balaraben da muke aiki a ƙarƙashinsa, shi kuma ya ce, "Halas, zance ya ƙare ya Sale, kada ka ja mana. Kwangila ce. Yalla, ku koma aiki."

Washegari muka shiga kamar kullum, na nemi inuwa na zauna. Ban ce wa kowa ya bar aiki ba. Hausawa suka zauna, 'yan Bangaladash suka zauna, har Indiyawan da ba sa salla suka ajiye bokitansu. Kun dai san abin da zafin Jidda ke yi wa ragowar nama. Kafin a jima ƙudaje sun mamaye ɗakin cin abincinsu, banɗaki kuwa sai mai ƙarfin hali.

Manjo da kansa ya fito, wanda ke saman kyaftin, hankici a hanci. Ashe dokar tana da ƙofar baya! Ashe likitan gari ma zai iya duba gawa ba tare da wuƙa ba! Nan take aka kawo mota. Ni da Usama muka yi wa Baba wanka, jikinsa ya sandare kamar itace, ina yi ina hawayen takaici. Kafili ya mayar da ni sharar kasuwa a Waziriyya, ban kuma yi nadama ba.

To yara, ku ji. Baƙon da ya sauka da bindiga, mai gida ne ke neman izininsa. Kuma kada ku raina tsintsiyar hannunku. Kukan maraya a bakin ƙofa bai girgiza kowa a sansanin nan ba, warin bolarsu ne ya ba mu gawar ubanmu.