Safar Sulken da Zulkarnaini Ya Saƙa Mini

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Alhamis, 27 ga watan Yuni 2024, kwana goma sha ɗaya bayan Babbar Sallah, Allah Ya karɓi ran abokina Zulkarnaini, mai gyaran keke a bakin babbar gota, wato kwatar ruwa, ta unguwar Maamobi. Ya bar matarsa Zelia da 'ya'ya mata biyu, Rashidatu da Shifa. Mun kai shi makwancinsa bayan la'asar.

Ni ne Muftahu, mahauci a kasuwar Nima. Zulkarnaini, da kai zan yi magana, amma ina so Zango duka, wato jama'ar unguwanninmu, ta ji. Tun ranar da muka binne ka ake yawo da sunan Husseini mai walda, maƙwabcin rumfarka, wai shi ya yi maka asiri saboda cacar bakin da kuka yi bara a kan filin gaban rumfa. Mutane sun daina kai masa aiki, shi kuma ya daina zuwa masallacinmu. Na san abin da ya kwantar da kai, kuma na yi mako guda ina kame bakina.

Shekara ashirin da biyu muna tare. Kai mutum ne da ba ya iya wuce ƙarfe a ƙasa bai tsuguna ba. In mun fito daga masallaci, tafiyar minti biyar sai ta ci mana rabin awa, kana tsince-tsince kana cika aljihu, har Zelia ta gaji da ɗinke maka aljihun riga. Guragun da ke zama a mahaɗar titin Nima sun san ka fiye da yadda suka san limami, domin kekensu ba ya kwana a lalace in kana gari, kuma ba su taɓa jin ka ambaci ladan aiki ba. Masifa kuwa kana da ita, ba zan ɓoye ba. Wanda ya ɗauki sifanarka bai mayar da ita inda ya gan ta ba, ranar sai ya ji tarihin kakanninsa. Bayan awa guda kuma kai ne za ka saya masa koko da ƙosai.

Maganar safar daga wurina ta fito. Wuƙa ta riga ta ɗauke mini kan yatsa ɗaya na hagu, sauran ma duk tabo ne. Wata rana na nuna maka hoto a waya, mahautan Turai sanye da safar hannu ta sulke, wato ƙananan zobban ƙarfe a sarƙe da juna, wuƙa ba ta ratsa su. Ka daɗe kana kallo, kana buɗa hoton da yatsu. Sai ka ce, "Abokina, wannan ba komi ba ne. Wayar ƙarfe ce kawai aka naɗe. Ba ni sati biyu."

Wata uku ya ɗauke ka, na kuwa yi maka tsiya son raina. Sai da ka fara ƙera abin naɗin tukuna. Ka kafa katako biyu a tsaye kan benci, ka huda su, ka zura rodi mai kaurin fensir, ka haɗa masa fedar tsohon keke a gefe guda. Kusa da ƙarshen rodin ka yi ɗan rami da ake soka bakin waya. Hannun dama yana juya feda, na hagu yana riƙe da wayar yana bi da ita, tana hawa rodin layi bisa layi har ta zama kamar sifirin. Sai ka zare, ka bi tsawonta da zarto, zobba su zubo cikin gwangwanin madara. Daga nan aikin filaya ne, kowane zobe ya kama huɗu. Ranar da abin ya fara aiki ka bar kekunan mutane a kife, ka aiko a kira ni daga kasuwa. Kana juyawa kana dariya kamar wanda aka yi wa albishir ɗin kujerar Makka.

Abu ɗaya kake yawan faɗa: wayar da aka naɗe tana da fushi. In an kai ƙarshe aka sake ta da garaje, wutsiyarta takan warware ta yi bulala.

Saura kwana takwas Sallah, babban yatsan safar kaɗai ya rage, farar wayar da ka sayo a kasuwar Tudu ta ƙare. Ka ce in bari sai ka koma Tudu. Ni kuwa idona ya rufe, raguna da shanu na jira, ina so in shiga fiɗar Layya da safata a hannu jama'a su gani. Na je garken da muke tara ragunan Sallah, na kwance tsohuwar waya daga shinge, duk tsatsa da kashin dabbobi, na goge ta a wandona na kawo maka. Ka juya ta a hannu ka ce ba ka son ta. Na matsa. Ka yarda, domin ba ka iya hana ni abu ba.

A naɗi na biyu wutsiyar ta kufce, ta shige tafin hannunka na hagu. Ramin ƙarami ne, amma ya yi zurfi. Ka dube shi ka ce, "Bari in je asibiti su ba ni allura." Ni ne na yi dariya. Na ce mu da muke yankewa kullum, wa ka taɓa gani a asibiti? Na tsallaka wurin makanikai na karɓo man birki a murfin kwalba, na tsiyaya maka kamar yadda muke yi tun muna samari, na ɗaure da tsumma. Ka cije baki, ka koma kan benci. Kwana biyu bayan haka ka miƙo mini safar a kammale.

Ranar Sallah na yi fiɗa tun hantsi har yamma, wuƙa ta sauka a hannuna sau uku ban ji komai ba. Na aiko maka da cinya guda. Zelia ta gasa, ka kai tsoka baki, muƙamuƙinka ya ƙi buɗewa. Washegari wuyanka ya sandare. Da na zo na tarar bayanka yana bankarewa har ya bar katifa, ko ƙofa aka buga sai jikinka ya ɗauka. Tsofaffin gida suka ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, hannun mutum ne. Aka yi kwana uku ana hayaƙi ana tofi. Ina tsaye a wurin, kuma wallahi raunin bai zo mini a rai ba, don bakinsa ya riga ya rufe.

Da muka kai ka asibiti, tambayar farko da likita ya yi ita ce ko ka ji rauni kwanan nan. Ya buɗe tafin hannunka ya ga tabon. Ya ce tetanus ce, ƙwayarta tana zama cikin ƙasa da kashin dabbobi, kuma da an zo ranar da abin ya faru, wankin rauni da allura sun isa. Zelia tana waje lokacin. Ni kaɗai na ji, ban kuwa maimaita wa kowa ba. Tsoro na ji, da kunya. Na bar Husseini yana ɗauke da kayana.

Jiya bayan addu'ar bakwai na durƙusa gaban Zelia na faɗa mata komai, tun daga shingen garke har man birki. Sannan ta ce, "Baban Rashidatu ya dawo ranan nan da tsumma a hannu. Na tambaye shi, ya ce Muftahu ya riga ya yi magani." Ta ja mayafinta ta ce in je in faɗa wa Zango abin da na faɗa mata. Ba ta ce ta yafe ba, ban kuma roƙa ba, don ban ga bakin roƙo ba tukuna.

To ga shi na faɗa. Husseini, hannunka babu komai a cikin wannan mutuwa. Ka yafe mana, ka dawo sahu.

Ya Allah, Ka jiƙan Zulkarnaini, Ka sa zafin da ya sha ya zama kankarar zunubansa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Zelia, da Rashidatu da ƙanwarta Shifa, da 'yan'uwansa na Maamobi da New Town. Allah Ya ba ku haƙurin rashinsa, Ya raya abin da ya bari.

Abokina, ajali na Allah ne, na sani, na kuma yi imani. Amma kai ka ce za ka je asibiti, ni na ce ka zauna.