Tsagar Rumbu

Rumbunmu na laka yana da tsaga tun kafin a kawo ni gidan, daga wuya har gindi, hannu yana shiga. A cikinsa muke ajiye damman gero na iri, waɗanda ba a taɓawa ko da yunwa ta yi yunwa. Kowace bazara surukata, da muke kira Inna, takan kwaɓa ƙasar gara da kashin shanu da ciyawa ta cusa, ta shafe da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa. Damina ɗaya liƙin yake yi ya zube. A can ƙasa kuma takan bar rami kamar bakin tulu ƙarami, don wani baƙin maciji da ke shige da fice. Ta ce na Doguwa ne, aljanar gidan, tana zuba masa nono a kasko. Ni dai tsoronsa nake ji, ban kuma ɓoye ba.

Shekarar da aka kwashi su maigidana aikin dole a Dogon Dutsi, ginin gidan kwamandan, Baturen mulki, aka sa su. Ya dawo a rame, da ƙullin siminti a tsumma, wanda ya riƙa kakkaɓewa daga buhunan da aka yar. Abin da ya samu ke nan a wahalarsa duka, shi ya sa yake lallaɓa shi kamar jinjiri. Ya ce ya ga abin da idonsa, ruwa ba ya cinsa, an gama liƙin shekara-shekara. Gaskiyarsa ce kuwa, bara ruwa ya bi tsagar ya ruɓar mana da dami biyu.

Inna ba ta hana shi ba. Sai da ya cusa tsakuwa, ya biyo da siminti har ya kusa ramin macijin, ta ce, "Kai wanga, bar mai ƙofa tai."

"Inna, in an bar ƙofa ai ba a liƙe ba," in ji shi, ya shafe ramin.

Ba mu sake ganin macijin ba, na kuwa ji daɗi. Damina ta wuce, ko ɗigo bai shiga ba, maƙwabta suna zuwa suna ƙwanƙwasa wurin da yatsa.

Da ruwan shuka ya sauka aka ɗaga murfin rumbu. Ɓeraye sun huda laka ta baya, sun yi gida sun hayayyafa, ba mai korarsu. Damman iri sun koma ƙaiƙayi da kashin ɓera. Maigida ya taka har Kore Mairuwa roƙon iri wurin kawunsa, kafin ya dawo ƙasa ta sha iska, muka yi shuka a makare.

Washegarin dawowarsa ya ɗauki gatari ya durƙusa a gindin rumbu, yana sara don ya buɗe ramin. Tun hantsi yake abu ɗaya har azahar. Gatarin ne ya dakushe.