Shatin Yatsu a Jan Bulo

A shekarar da aka yi maganar rushe soron mahaifinmu, ina aiki a wani sito na kayan ɗaki a bayan titin Wendover, a garin Greensboro na Amurka. Gadaje, kujeru, tebura. Mu ɗauka, mu loda a kamiyo, babbar motar kaya, mu sauke. Ban yi lakkwal ba, ban san boko ba. Baya da kafaɗa nake da su, kuma su ake biya.

Maganar rushewar ni na fara ta. Ni na ce a yi ginin siminti a gidanmu na Damagaram, ni nake aika kuɗi ana buga bulo ana tarawa. Filin gidan ba yawa, sai an kawar da tsohon ɗaki kafin sabo ya samu wurin tsayawa. Mahaifinmu magini ne, shi ya yi soron da hannunsa tun ba a haife ni ba. A cikinsa muka sha yunwar shekarar fari. A cikinsa uwarmu ta rasu. Daga ƙofarsa na fita zuwa Libiya ban waiwaya ba, kuma ban taɓa kewarsa ba. Amma ni ne babba, ba a sa diga a ginin uba sai babba ya ce a sa. Ƙanena ya bugo ya ce ma'aikata sun shirya, damina na matsowa, bakina kawai ake jira. Na ce ya ba ni zuwa Juma'a. Ban san abin da ya sa na ce haka ba, don amsar tana bakina a lokacin.

A satin ne maigidanmu ya tura mu da kaya wani gari a bakin teku. A ƙasar nan in za a sayar da gida ba a nuna shi fanko. Hayar kaya ake yi a jera, gado da shimfiɗarsa, tebur da farantai, har da kwanon lemon roba, don mai saye ya shigo ya ga kamar ya riga ya tare. In an saya, mu koma mu kwashe. Ranar da aka fara gaya mini haka na zaci wasa ake mini.

Direbanmu wani dattijo ne baƙar fata ɗan ƙasar, mai tumbi da yawan surutu. Kawu nake ce masa, tun bai san ma'anarta ba har ya soma amsawa. Shi kuma Afirka yake ce mini, kamar ni kaɗai ne a cikinta. Duk hanya yana ba ni labarin kamun kifi, yana cewa yau zan ga ruwan da zai sa in suma, ni ɗan rairayi. Na bar shi. Na ga teku a Libiya, ban suma ba.

Da muka shiga layin da gidan yake, na gyara zama. Gidajen da na sani a Greensboro kowanne yana tsaye shi kaɗai a tsakiyar ciyawarsa, katako ne da roba. Ɗakin da nake haya a High Point Road, in ka yi fushi ka naushi bango sai hannunka ya faɗa ɗakin maƙwabci. Waɗannan kuwa jan bulo ne, sirara, dogaye, a manne da juna tun daga farkon layi har ƙarshensa. Bangonka shi ne bangon maƙwabcinka, kamar a tsohuwar unguwarmu ta Birni. Ban taɓa zaton Turawa sun yi irin wannan zaman ba. Iskar gishiri ta cinye kusurwoyin bulon, ta mayar da su sumul, amma ba ko ɗaya da ya karkata.

Dillaliyar gidan, wata Baturiya mai dogon takalmi, tana jiranmu a ƙofa. Ta ba mu wasu ledoji mu sa a kan takalmanmu. Ta ce mu yi hankali da komai, gidan ya girmi kakan kakanta, an gina shi tun ana bauta a ƙasar.

Ciki ya ɗaure mini kai. Kicin sabo fil, yana ƙyalli kamar asibiti. Famfo, fitilu, na'urar sanyaya ɗaki, duk na yau. Amma daɓen tsohon katako ne, faffaɗa, da baƙaƙen ramukan ƙusa da ba wanda ya toshe. An goge shi ne kawai an shafa masa mai. Gilashin tagogi ba ya kwance daidai, in ka leƙa sai ka ga teku tana rawa a cikinsa ko da ba iska. Matakalar bene kuwa kowane taki ya lotsa a tsakiya, ya yi kwari kamar dutsen niƙa. Na tambayi Kawu yaushe kafinta zai zo ya canza su, kada mu kai kaya sama kafin a yi aikin. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Afirka, wannan lotsawar ita ake sayarwa. Ka taɓa ta, matar nan ta sa a ɗaure mu."

Na hau a hankali. Ƙafata tana faɗawa cikin kwarin da kanta, ba sai na nemi wurin sa ta ba. Na yi ta tunanin yawan ƙafafun da za su cinye katako mai tauri haka. A wurinmu abin da ya tsufa ɓoye shi ake yi in baƙo zai zo. Nan an wanke shi an sa a gaba.

A falo akwai bango ɗaya da aka kankare wa filasta aka bar bulon tsirara. Mun shigo da wata doguwar kujera mai nauyin tsiya, muka dire ta, na dafa bangon in huta. Sai yatsuna suka faɗa cikin wasu ramuka. Na ɗaga hannu na duba. Shatin yatsu ne a jikin bulo, a jere, da na babban yatsa a gefe.

Ba wanda ya gaya mini abin da ya faru. Na sani. Wani ne ya ɗaga bulon yana ɗanye, bai gama shan rana ba, don ya juya shi. Na yi wannan aikin. Mahaifina yana cuɗa tubali yana jerawa, mu muna bi muna juyawa, in ka danna da ƙarfi ka sha ranƙwashi. Na mayar da yatsuna cikin ramukan. Ba su shiga duka ba. Mai hannun nan bai kai ni girma ba.

Kawu ya zo ya tsaya a bayana. Ya sunkuya ya duba ramukan. Can ya ce mutanensu ne. Bayi ne suka buga bulon garin nan, maza na haƙa da ƙonawa, mata da ƙanana na juyawa. Ya ce kakarsa daga wani ƙauye take a bakin kogin da ke bayan garin. Ya sa yatsansa ɗaya a rami, ya cire.

Dillaliyar ta matso. Ashe ta san da wurin. Ta nuna mana wata 'yar fitila a rufi da aka karkato daidai kansa, ta rage murya ta ce masu gyaran ne suka ga bai kamata a sake rufe shi ba. Da ta fita amsa waya, Kawu ya ce, "Da ransu ba a biya su ba. Yanzu yatsunsu ma sun shiga ciniki."

Gaskiya ya faɗa. Amma ni abin da ya riƙe ni daban ne. Ba wanda ya san sunan mai hannun nan, ba wanda ya san kabarinsa. Wanda ya mallake shi ya mutu, 'ya'yansa sun mutu, gidan ya sha hannu, guguwar teku ta zo ta wuce ba adadi. Shi kuwa ga shi a falo, yana ɗauke da benen gidan nan da na maƙwabci, tunda bangon na su biyu ne. Na ga gawa a hamada, bayan kwana kaɗan rairayi ya shafe wurin kamar ba a yi mutum ba. Na daɗe da yarda cewa haka ƙarshen talaka yake. Ranar na ga ba kullum ba.

Na ɗaga hannu na yi masa addu'a. Ban san addininsa ba, Allah ya sani. Kawu ya cire hularsa har na shafa.

Ban jira Juma'a ba. Da muka gama jera kaya, Kawu ya tafi neman soyayyen kifi, ni na zauna a bayan kamiyo na kankare katin waya na buga gida. Ƙanena ya ɗauka da murna, ya gaishe ni, ya tambaya ko gobe a fara. Na ce a'a.

Nan take ya sauke mini faɗa. Ya ce ni ina Amurka, shi ruwa ke zuba a kansa. Ya ce gara ta cinye azara, bara saura kaɗan rufin ya danne masa yara. Ya ce masu yaɓen makuba sun mutu, waɗanda suka rage sun koma siminti, kuma ni ne na ce a tara bulo, ba shi ba. Duk abin da ya faɗa haka yake. Ban katse shi ba.

Da ya gama na ce ya shiga ɗakin, ya je bangon gabas inda yaɓe ya zube, ya sa hannu.

"Na sa, Yaya."

"Me ka ji?"

"Ƙasa. Me zan ji, zinariya?"

"Shafa dai."

Ina jin numfashinsa, ina jin akuyarsu tana kuka. Katin yana tafiya. Na bar shi ya tafi.

"Akwai shatin hannu," ya ce. Muryarsa ta sauka. "Ko'ina ma. Yaya, ga na babban yatsan Baba, mai lanƙwasar nan. Shekara nawa ina kwana a nan."

Ba mu daɗe muna ja ba bayan wannan. Soron ba zai tsira ba, ni ma na sani, rufin ya gama. Muka tsaya a kan a sauke rufi da bango uku, a bar na gabas, a jingina sabon ɗaki da shi, kuma kada siminti ya taɓa fuskarsa ta ciki. Ya ce magina za su ce ba ya yiwuwa. Na ce ya nemo wanda zai ce yana yiwuwa. Ya ce mutanen unguwa za su yi masa dariya, shi da yake ganinsu kullum, ba ni ba. Na ce ya ce musu yayansa ne ya haukace a Turai.

Haka ya gaya musu kuwa. Aka yi ginin kafin ruwa ya sauka, da bango uku na bulo da ɗaya na tubali. Duk shekara in bazara ta yi sai ya bugo yana mita, wai dole ya nemo mai yaɓe bayan bangon, ga tsada ga wahalar samu. Na taɓa ce masa in ya gaji ya rushe, na ba shi baki. Ya ce in kula da kujeruna, wannan ba ruwana.