Minti Huɗu a Maƙerar Malam Hashim

Duk wanda ya san Malam Habila a Gawon Nama ya san ƙarar da ke fitowa daga wayarsa. Ba waƙa ba ce, ba wa'azi ba. Ƙarar guduma ce a kan ƙarfe, daga safe har rana ta faɗi. Matarsa Laraba ta daina korafi tun bara. Abin da kawai ta roƙa shi ne ya riƙa rage sauti in tana waya da 'yarsu Faith.

Habila haifaffen Pankshin ne. Kakansa maƙeri ne, amma ya rasu Habila yana aji uku a firamare, aka raba kayan ƙirar, babu wanda ya gaje shi. Habila ya yi karatu, ya zo Sakkwato yana saurayi, ya koyar da aikin ƙarfe shekara talatin da ɗaya a wata makarantar fasaha. Walda ya koyar, da zane, da yankan kwano. Bai taɓa ƙera ko allura da wutar gawayi ba, kuma wannan yana damunsa fiye da yadda yake faɗa.

Da ya yi ritaya Faith ta saya masa babbar waya. Wata rana ya ci karo da bidiyon wani tsoho a Nepal, zaune a ƙasa, yana ƙera adda da sifirin mota. Zamansa irin na kakan Habila sak. Daga nan ya shiga nema. Ya gano cewa in ya rubuta da Turanci, Turawa masu injin lantarki ake nuna masa, shi kuma ba su yake so ba. Sai ya samo ɗan littafi, ya tattara yadda ake cewa maƙeri a harsuna kusan ashirin da ba ya ji, yana kwafe haruffan ɗaya bayan ɗaya. Da su yake tono bidiyon da mutum arba'in kawai suka kalla: maƙeran lauje a Indonesiya, su uku suna duka a jere, ko wani a Habasha yana zuga da fatar akuya. Ya buɗe zaure a Wasap, ya zuba tsofaffin ɗalibansa da 'yan walda da mahauta biyu-uku. Daga baya ya buɗe shafi a Yutub, wasu 'yan ƙasashen waje suka fara bin sa. Doka ɗaya ya kafa: ba siyasa, ba addini, ƙarfe kawai.

Ranar Asabar kuwa ta Malam Hashim ce. Maƙeri ne a Ƙofar Atiku, ya haura sittin, kuma rabin mahautan yankin wuƙaƙensa suke riƙewa. Habila yakan je da safe, ya zauna a bayan zugazugi yana zuga masa wuta, in an huta ya nuna masa abin da ya samo a mako. Malam Hashim ba ya cika kallo, ya fi kasa kunne.

"Wanga bai bari ƙarhen ya nuna ba, Tica. Ji yadda gudumar ka kuka."

"Ɗan Japan ne fa, Malam. An ce gidansu sun yi shekara ɗari uku suna ƙira."

"To yau dai gaggawa shikai. Wataƙila matatai ka kiran shi."

Masu bin shafin suka fara tambaya: kullum kana kawo mana na wasu, ina na garinku? Habila ya yi wata biyu yana lallashi kafin Malam Hashim ya yarda. Saura mako uku Babbar Sallah, aikin wuƙaƙen layya ya cika rumfa, Habila ya ɗauke shi a bidiyo yana ƙera wuƙar fiɗa tun daga guntun sifiri har zuwa wasawa. Da ya koma gida ya yanke, ya haɗa, ya rage minti huɗu. Sai ya tuna yadda masu ɗaukar bidiyo na waje suke yi: su rage gudun hoton daidai lokacin da guduma ke sauka, tartsatsi ya riƙa tashi a hankali. Ya yi haka a wuri uku. Ya kalla, ya ji daɗi, domin guduma yake kallo. Ranar Litinin ya saka.

Ranar Laraba da hantsi yana shan koko ya ga saƙon wani maƙeri daga Turkiyya, cikin guntun Turanci. Ya yaba aikin, sannan ya tambaya ko dattijon yana ganin likita, domin mahaifinsa ma haka hannunsa ya fara.

Habila ya ajiye kofin. Ya koma wurin da ya rage gudu, wannan karon ya kalli hannun hagu, mai riƙe da awartaki. Hannun yana rawa. Ba sosai ba, amma tsakanin duka da duka jan ƙarfen yana kaɗawa a kan uwar maƙera, sai Malam Hashim ya danne gwiwar hannun da cinyarsa kafin guduma ta sauka. Shekara biyu Habila yana zaune taku biyu daga wannan hannun bai taɓa lura ba.

Ya duba zauren Wasap. Ɗaya daga cikin mahautan ya riga ya tura bidiyon zuwa zauren 'yan mayanka tun jiya.

"Baban Faith, mene ne? Kokon ya huce," in ji Laraba.

Ya miƙa mata wayar. Ta kalla sau ɗaya ta mayar masa.

"Ya san kana da shi haka, a hankali?"

"Bai gani ba. Wayarsa ba ta kallo."

"To share."

"In na share nawa, na mahauta fa? Ya riga ya tafi." Ya tashi, ya sake zama. "Kin san wuƙar yanka ba ta son ko ɗan tsaguwa a baki. Suna ganin wannan za su ce hannunsa ya tafi. Kuma yanzu, a wannan makon, aikin da yake ci da gidansa har kaka."

"Ka kira shi."

"A waya? In ce masa me?"

"To ka je. Kai ka ɗauka, kai za ka faɗa. Kada ka bari ya ji a bakin mai nama."

Ya ce zai je bayan azahar, lokacin da rumfar ke yin shiru. Kafin azahar ya kalli bidiyon fiye da sau goma, yana ƙoƙarin gamsar da kansa cewa sai mai neman abin zai gani. Kowane kallo rawar hannun ƙara fitowa take yi. A kan hanya ya tsaya sau biyu a gefen titi yana shirya yadda zai fara magana.

Bai yi amfani da ko ɗaya cikin maganganun da ya shirya ba. Da ya isa, Alhaji Mika'ilu yana zaune a kan benci. Shi ne babban mahaucin da ke ba Malam Hashim aiki, shekara ashirin suna tare, kuma abin da ya ce game da wuƙa shi sauran suke bi. An jera wuƙaƙe a kan buhu a gabansa, na fiɗa a gefe, dogaye na yanka guda biyar a gefe. Yana ɗaukar su ɗaya-ɗaya yana bi da farcen babban yatsa a kan kaifin, a hankali, daga gindi zuwa tsini.

"A'a, ga mai siliman nan," in ji Mika'ilu. "Tica, ka mai da abokinmu tauraro."

Habila ya gaishe su. Malam Hashim ya dube shi, ya dubi Mika'ilu.

"Tun ɗazu Alhaji ka shahwar wuƙaƙena awa bai san mai su ba. Shekara ashirin bai taɓa sa musu akaihwa ba sai yau. Mi anka yi?"

Mika'ilu bai ɗago ba. "Tambayi Tica."

"Malam, laifina ne," in ji Habila. "Bidiyon nan. Akwai wurin da na rage masa gudu don a ga kyawun dukan. Wallahi guduma nake kallo. Ban ga..."

"Kawo in gani."

Malam Hashim ya karɓi wayar da hannun dama, ya nisanta ta da idonsa. Minti huɗu babu wanda ya yi magana, sai ƙarar gudumar da ke cikin wayar, wadda a wurin da aka rage gudu take zama wani dogon gurnani. Habila yana tsaye, ya rasa inda zai sa idonsa. Ya kalli gawayin da ya fara mutuwa a murhu, ya ji kamar ya je ya zuga, ya ga ba shi da izini yau.

Malam Hashim ya miƙa wayar.

"Mutum nawa sunka gani?"

"Na waje, kamar dubu biyu. Na gida ban sani ba."

"Na gida duka," in ji Mika'ilu. "Sule mahauci da ƙanenai sun kai aikinsu wani wuri tun jiya. Ni nic ce sai na zo na ji daga bakinka. Hashimu, tun yaushe?"

"Tun azumin bara."

"Kuma ba ka hwaɗa min ba."

"In hwaɗa maka ka yi mi? Ka riƙe min hannun?" Ya nuna buhun da haɓa. "Kowace wuƙa nan sau biyu nika yin ta, wata sau ukku. Wadda ba ta yi ba tana can bayan rumhwa. Ka sami aibi ga waɗanga?"

"Ban samu ba."

"To."

Mika'ilu ya riƙa juya doguwar wuƙa a hannunsa. Habila ya ji zuciyarsa ta ɗan sassauta, har ya fara tunanin za a wuce wurin. Sai mahaucin ya ajiye wuƙar, ya tattara na fiɗa kaɗai ya naɗe a tsumma.

"Waɗanga na ɗauka, kuma zan hwaɗa ma kowa na ɗauka. Na yanka kau, ka yi haƙuri. Ragunan mutane na, Hashimu, ba nawa ba. In wuƙa tat tsaya ga wuyan dabba ranar layya, ba sunanka za a kira ba, nawa za a kira. Akaihwata ba ta ganin cikin ƙarhe. Bana ɗai."

"Bana ɗai," in ji Malam Hashim. Duk su ukun sun san ba bana kaɗai ba ne.

Bayan Mika'ilu ya tafi, Malam Hashim ya kwashe wuƙaƙe biyar ɗin ya tura ƙarƙashin benci. Habila ya tsuguna kusa da shi.

"Zan share shi yanzu a gabanka. Zan rubuta a zaure in ce hoton ne ya yi rawa, ba hannunka ba."

"Ƙarya za ka yi da girmanka?"

"To me zan yi, Malam? Na ɓata maka aikin shekara."

"Ka ɓata." Bai sassauta kalmar ba, bai kuma ɗaga murya ba. Ya ɗora hannun hagun a kan gwiwarsa, yana kallonsa yana motsi shi kaɗai. "In ka share, wanga ya daina?"

Habila ya ba shi labarin maƙerin Turkiyya da ya fara lura da hannun, wanda ya ce na mahaifinsa ma haka ya fara.

"Wancan na Turkiyya, ko ina na, da kac ce ya yi batun ubanai. Uban ya ci gaba da ƙira?"

"Ban tambaya ba."

"Tambaye shi. Kuma ka tambaye shi shekara nawa yaƙ ƙara yana yi." Ya jawo awartaki ya dube shi. "Wuƙar hiɗa kaɗ ɗauka, ita kowa ya iya ta. Ta yanka, yadda aka tsoma bakinta ga ruwa, ubana yan nuna min, ni ban nuna ma kowa ba. 'Ya'yana sun tahi tuƙin mota. Asabar ka taho da wayar, ka ɗauki wagga tun hannun na iyawa. Ka rage gudun yadda kaka so, ba abin da yas saura a ɓoye."

"Ka yafe min ke nan?"

"Ban ce ba. Na ce ka taho Asabar. Kuma ka nemo abin da za ka jingina wayar, don kai za ka riƙe awartaki. Ni duka ɗai zan yi."

Habila ya kalli awartakin, ya kalli uwar maƙera, wurin da hannunsa zai kasance ƙasa da gudumar.

"Malam, ni ban taɓa riƙe jan ƙarfe wani yana duka ba. Ko yanzu da ka faɗa, hannuna rawa yake."

"To mun zama mu biyu," in ji Malam Hashim. "Tashi ka zuga, wutar za ta mutu."