Malama Ina-Sauran Ta Ajiye Alli

Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe ofishinta, ɗaki na ƙarshe a Sashen Ƙididdiga, wanda fankarsa ta mutu tun ba a haifi ɗaliban bana ba. Ta goge allo, ta fiƙe fensir, ta zauna. Ba ta daɗewa za a fara sallama: ɗalibin likitanci, mai neman digiri na uku a aikin gona, har da farfesoshin da ba sa amsa gaisuwarta a hanya. Kowa da tulin takardu a hammata, kowa bakinsa ɗaya: "Malama, a ɗan duba mana, jibi za mu miƙa." Ranar tsara bincike babu mai tunawa da ita. Sai an gama kwaɓawa ake kawo mata ta gyara.

Ɗalibai ne suka laƙaba mata Malama Ina-Sauran, domin ba ta taɓa kwamfuta sai ta ƙirga. Ka ce ka raba takardun tambayoyi ɗari uku, ta ga ɗari biyu da tamanin, sai ta ɗago kai ta ce, "Ina sauran?"

Wannan tambaya ce ta cinye mata ƙarin girma. Shekara goma sha biyu da suka wuce, wani farfesa ya kawo mata sakamakon gwajin wani maganin hawan jini.

"Ranka ya daɗe, mutum ɗari da ashirin aka fara ba maganin. Casa'in da bakwai nake gani. Ina sauran?"

"Sun daina zuwa, Malama. Cire su kawai, ɓata mana aiki za su yi."

"Me ya hana su zuwa?"

Ya yi dariya. "Lissafi aka kawo miki, baiwar Allah, ba tarihi ba."

Kwana uku ta yi a ɗakin fayil na asibiti tana shan ƙura, akawun wurin shaida ne. Ta gano mutum ashirin da ukun nan jiri da kumburin ƙafa ne suka kore su, biyu har an kwantar da su. Ta rubuta haka a shafi guda, ta ƙi sa hannu a kan nasa. Farfesa bai ko ɗaga murya ba. Ya kai aikin wani shago a bakin ƙofar jami'a, aka fitar masa da abin da yake so, aka buga, aka yi masa tafi. Da shekara ta zagayo, shi ne shugaban kwamitin ƙarin girma.

Sau huɗu fayil ɗinta yana shiga kwamitin, sau huɗu yana dawowa: wai ba ta da isassun muƙalu da sunanta. Ina za ta same su? Sunanta yana cikin ɗaruruwan kundaye, amma a shafin godiya, ƙasa da na mai buga takardu. Abin da takaici, wallahi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Malama, ke ce kika koya wa yara cewa kowace lamba a teburin alƙaluma mutum ce, mai uwa da uba. Ke ce kika san farashin tambayarki, kika kuma yi ta. Gishiri, ba a ganinki a miya sai ranar da babu ke.

Makon jiya ta yi ritaya a kan matakin da take tun wancan lokaci. An jera kujeru sittin a ɗakin taro don bikin bankwana, mutum goma sha ɗaya suka zo. Sakataren sashen, da zai rubuta rahoto, ya sunkuya kusa da ita cike da kunya.

"Malama, in sa ɗimbin jama'a?"

"Sa goma sha ɗaya," in ji ta. "Ka kuma sa cewa kujeru sittin aka jera."

Mun gode, Malama. Allah ya biya ki abin da kwamiti ya hana ki. Duk wanda aka miƙa wa teburin alƙaluma ya duba, don Allah ya ƙirga kafin ya sa hannu, ya tambayi ina sauran, ko da abin zai ci masa kujera. Ku kuma arba'in da taran da ba ku zo ba, ku sani ba a cire ku ba. An ƙirga da ku.