Kaɗin Auduga da Cikin Wata Bakwai

Sabuwar shekara ta same ni a Malumfashi da cikin wata bakwai, bayan na yi ɓari sau biyu. Da aka tashi daga sujada a coci, mata suka kewaye ni suna cewa, "Bana kam sai mun ci tuwon suna." Na yi musu murmushi kawai. A gida na kasa cin abinci, bini-bini sai in shiga ɗaki in duba ko jini ya zo.

Goggo, yayar mahaifina da ta zo daga Tsiga don ta zauna da ni, ta miƙo mini mazari da auduga.

Ta ce, "Zauna ki kaɗa, 'yata. Kada ki ja da ƙarfi, bi zaren a hankali."

Zaren ya yi ta tsinkewa ina ƙullawa. Sai wajen la'asar na lura numfashina ya daidaita. Tsoron bai rabu da ni ba, da shi nake farkawa kullum, amma in na zauna kaɗi yakan lafa. Haka muka yi har watan Maris, na haifi mace lafiya.