Linzamin da muka je gani a Norfolk

Gari bai gama wayewa ba muka bar Greensboro, ni a sitiyari, yayana a gefena ya haɗe rai, matarsa a baya rungume da kular dambun nama. Norfolk muka nufa, inda jirgin ruwan yaƙin da 'yarsu take aiki a ciki zai ɗaga ya yi watanni a teku. Tun da yarinyar ta shiga sojan ruwa ubanta ya daina ɗaukar wayarta. Rikici ne ya koro shi daga ƙasarmu bayan ya ga abin da makami yake yi wa unguwa, don haka ya ce bai haifi mai harba makami mai linzami ba. Ni kuwa na rantse ba za ta shiga teku babu albarkarsa ba. Na ce masa rakiya kawai zai yi mini, ya san ƙarya nake, ya shiga motar.

Titin Wendover babu kowa sai manyan motocin kaya. Da muka wuce Durham muka shiga Virginia, hanya ta miƙe tsakanin gonaki, 'yan sanda laɓe a bayan itatuwa suna jiran mai gaggawa. Na bi a hankali, ban ba su ko sisin tara ba. Wajen Suffolk muka ga gonakin gyaɗa da auduga har iya ganin ido, kai ka ce an ɗauko ƙauyenmu an yi masa kwalta. Mun sayi dafaffiyar gyaɗa a bakin titi, tsada kamar magani, gishiri kuma ya yi mata yawa. Yaya ya kushe ta, sannan ya cinye.

Kafin Norfolk sai da muka bi ta ramin da ya ratsa ƙarƙashin ruwa. Matar yaya ta rufe ido tana addu'a har muka fito.

A ƙofar sansanin sojan ruwa aka duba mu tsaf. Ranar iyalai ce, ga tsofaffi ga jarirai. Sai ga 'yar tamu cikin kaki, ta rungume uwarta, ta durƙusa wa ubanta. Ya amsa da ka kawai.

Jirgin toka-toka ne, dogo, babu ado ko kaɗan, ko'ina ƙamshin fenti da gishiri. Na zaci zan ga makamai sun ɗaga kai sama irin na talabijin. Ina! Wasu murafai ne masu kusurwa huɗu jere a daɓen ƙarfe, kamar murafan kula. 'Yar tamu ta ce a ƙarƙashin kowanne akwai makami a tsaye, wasu na kakkaɓo abin da aka harbo musu ne, wasu na kai hari nesa. Na ja da baya, don a kusa da su nake tsaye da jakata.

Yaya ya daɗe yana kallon murafan. Shi mai kula da dawaki ne a wata gona a Summerfield, rabin rayuwarsa da linzami a hannu. Can ya yi wa 'yarsa magana, karon farko.

"To, wa ke riƙe da linzamin?"

Yarinyar ta kalle ni, ta tambaya da Turanci mene ne linzami. Ashe duk shekarun nan ta ɗauka kalmar na nufin wuta ce. Na yi dariya, na kwatanta mata ƙarfen da ake sa wa doki a baki da igiyarsa. Sai ta lallaɓo Hausarta mai tangal-tangal.

"Baba, ni ina kallon allo. Idan abu ya taso a sama, ina duba ko jirgin fasinja ne. Idan ban tabbata ba, ina cewa a tsaya. Ba mutum ɗaya ke harbawa ba."

"Suna jin maganarki?"

"Dole su ji, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Doki ba ya bukatar a koya masa gudu. Don tsayar da shi ake sa masa linzami. In ke ce a wurin, ki riƙe da kyau." Ya cire mata hula, ya ɗora hannu a kanta, ya sa mata albarka da sunan da kakarta take kiranta da shi. Na yi kuka, ban kuma ɓoye ba. Wani sojan da ke wucewa ya kawar da kai.

Mun bar mata dambun da yaji, muka kamo hanya da la'asar. Ruwa ya ɗan tare mu a Emporia, amma muka iso gida lafiya.

Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, kalmar da muke ji kullum a labarai ba mu taɓa sauraronta ba. Makamin muke ji, mu manta da linzamin da hannun da ke kansa. Har yanzu yaya ba ya son yaƙi, ni ma haka. Amma muna tsayawa a ƙofar gidansa ya miƙo mini wayarsa, ya ce in nuna masa yadda ake ƙara ƙarar kira, kada 'yarsa ta buga daga teku bai ji ba.